Yadda Jakar Dabo Ta Bar Gidan Suhaibu

A shekara ta ashirin da uku ta sarautar Suhaibu, Sarkin 'Yan Dabon Suleja, ana cikin cin sabuwar doya, hawan jini ya shanye masa hannun dama. Dole jakar dabo ta sami magaji. Mutum biyu suka neme ta: ɗansa Lukuman, da Isiyaku, Madakinsa.

Al'adarsu ba ta da alƙali. Akan zana fili biyu da toka, kowa ya yi wasansa, wanda taro ya watse masa ya faɗi. Aka sa rana a Gauraka, kusa da masu gyaran mota.

Na ga wasan Lukuman da idona, kuma ban taɓa ganin hannu irin nasa ba. Sai dai shi ba ya kallon mutane, so yake su kalle shi.

Ranar kusan duk taron wajensa ya tafi. Lukuman ya jawo wani dattijon makanike, Irmiya, ya cire masa hula ba tare da neman izini ba, ya fito da tantabara daga ciki. Sanƙon tsohon ya bayyana.

Lukuman ya ce, "Baba, ashe kai ma kana dabo, ka ɓatar da gashi!"

Aka yi dariya kaɗan, wasu suka kau da kai. Irmiya ya ce, "Ɗana, ba ni hulata."

A ɗaya filin kuwa, ƙwai ya suɓuce daga hannun rigar Isiyaku ya fashe. Ya dafe kai ya ce, "Jama'a, ku rufa mini asiri, kada Sarki ya ji!" Alhali Sarkin na zaune gabansa. Mutane suka kece da dariya, masu kallon Lukuman suka fara sulalewa can ɗaya bayan ɗaya.

Lukuman ya yi babban wasansa, wanda ya shekara biyu yana shiryawa, bai kuskure ko kaɗan ba. Da ya ɗago kai, ba kowa.

Ya durƙusa gaban mahaifinsa ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙwai fa ya fashe masa."

Suhaibu ya ce, "Ya fashe. Kuma suka yafe masa. Kai wa zai yafe maka?"

Aka naɗa Isiyaku bayan la'asar. Har yanzu ina jin tausayin Lukuman. Ya ɗauka sarauta tana hannun gwani, ashe tana ƙafafun jama'a, kuma ƙafa ba ta sallama in za ta tafi.