Tukunyar Birkin Harlan

"Daga wace mota ka ciro ta?"

"Daga mota mai taya huɗu."

"Yaya Delbert, ni za ka raina wa hankali? Na ce wacce?"

Delbert bai fito da kansa daga ƙarƙashin bonet ba. Ya tsartar da miyan taba kusa da takalmin ƙanwarsa Rhonda, ya ci gaba da ɗaure noti. Kwana uku ke nan yana fama da tukunyar birkin tsohuwar a-kori-kurar babansu, baƙar tukunyar nan da ke zuƙar iska daga inji don ta sauƙaƙa wa ƙafa taka birki. Ya tsaga ta biyu, sifirin ɗin ciki ya yi tsalle ya fasa masa leɓe, ya tarar robar ta yage. Yau kuma ga wata tukunya ya ɗaura, da tsatsarta.

"Daga filin tsoho Virgil," ya ce ciki-ciki. "Ta Harlan Mullins."

Rhonda ta yi masa kallon sama da ƙasa. A tsaunukan nan na West Virginia, a Amurka, kowa ya san ƙa'idar filin matattun motocin Virgil. Motar da aka mutu a cikinta, yakan shafa mata jan fenti a ƙofa. Ka ɗauki fitila, ka ɗauki madubi, amma kayan birki ba a taɓawa. Shi kuwa Harlan, shekara goma sha ɗaya ke nan da ya taka birki a makare a mararrabar layin dogo da ke gindin dutse. Ya tsaya cak a kan layi, jirgin kwal ya kwashe shi.

"Duk garin nan ka rasa wanda za ka ari birkinsa sai mutumin da bai iya takawa ba?"

"Ƙarfe ne da roba, malama. Ƙarfe ba shi da ƙwaƙwalwa."

"Kun zama biyu."

Ya cusa tiyon iska a bakin tukunyar da babban yatsa, ko ɗaure shi bai yi ba, ya maida bonet. Rhonda ta gani, ta ja tsaki. Ba ta da lokacin wata rigimar. Mama na can gidan ƙanwarta a kan dutse tun safe, ƙafafunta ba sa ɗaukarta, kuma maganinta na yamma yana gida.

Ta ja motar ta tafi ɗauko ta. Hawa lafiya lau. Birki laushi kamar man shanu, har ya ba ta haushi. Aka ciccibo Mama aka zaunar da ita, da kwanon wake da burodin masara a cinya. Rana ta faɗa bayan dutse lokacin da suka kamo gangara.

A kwana ta farko ta taka birki, ta ji "ssss" a ƙarƙashin sitiyari. Aikin Delbert, ta ce a ranta. Iska ce ke zurara.

Ta ɗage ƙafa. Sautin bai tsaya ba.

Yana fita, yana komawa. Tukunya ba ta mayar da numfashi.

Sai wari ya taso: jiƙaƙƙen kwal, da tsohuwar giya, da alewar na'ana'a da mashaya ke tsotsa don rufe baki. Rhonda ta sauke gilashi. Warin ya ƙaru. Doguwar kujerar ta lotsa a tsakaninta da Mama, sannu a hankali.

Mama ta gyara kwanonta, ko juyowa ba ta yi ba.

"Harlan, ɗaga. Ka zauna mini a kan siket."

"Mama," Rhonda ta ce da raɗa, "da wa kike magana?"

"Da ragon nan mana. Da ransa ma haka yake cika wa mutane wuri a coci."

Hanya ta miƙe. Can ƙasa jajayen fitilun mararraba suka fara ƙyaftawa, ƙararrawa na bugawa. Wurin ba shi da shinge. Rhonda ta taka birki tun daga nesa.

Ya ƙi. Kamar ta taka dutse.

Ta tashi tsaye a kansa. Numfashin ya dawo dab da kunnenta, da sauri da sauri, irin na wanda ya farka a firgice.

Tayoyin gaba suka hau layi. A nan birkin ya nutse da kansa har ƙasa.

Mota ta tsaya cak.

Ta danna totur. Inji ya yi gurnani, mota ba ta motsa ba. Ta sa yatsun ƙafa ƙarƙashin birkin don ta ɗago shi, ta ji takalmi a kai. Babba, mai sanyi, yana rawa.

Daga hagu jirgi ya yi kuka. Haskensa ya faɗo kan kwanon wake.

Ita tana iya gudu. Mama ba ta iya.

"Ranar nan ma haka ka yi," Rhonda ta ce wa Harlan tsakanin haƙora. "Shekara goma sha ɗaya, ba ka koyi komai ba."

Ta ja maɓallin bonet, ta dire. Ƙarfen layi yana rawa a ƙarƙashin ƙafarta. Ta laluba cikin zafin inji, ta kama tiyon da Delbert bai ɗaure ba, ta fizge.

Wata doguwar ajiyar zuciya ta fito daga tukunyar, da ɗumi, ta bugi fuskarta.

Ta koma ta faɗa kan kujera, bonet a buɗe, ba ta ganin gabanta. Inji na tari. Ta danna. Motar ta yi tsalle gaba, jirgi ya yanke ƙarfen bayanta ya wuce da shi.

Taragu suka yi ta wucewa. Mama ta tsince wake daga siket ɗinta.

Da birkin hannu suka ƙarasa gida. Tun daga ranar Rhonda ba ta tsallaka layin dogo sai ta sauka ta duba, kuma ba ta zama a motar da ke da kujerar tsakiya. Washegari da safe ta tsaya a kan Delbert har ya kwance tukunyar, ta sa shi ya rungume ta zuwa filin Virgil. Tsohon ya saurari labarin yana sosa gemu, ya nuna motar mai jan fenti ya ce a mayar inda aka ɗauko.

Delbert ya tsaya da tukunya a ƙirji, yana jujjuya ta, da alamar bai so rabuwa da ita ba.

"Ni dai ina ganin an yi masa gaggawa," ya ce. "Sau biyu ne fa kacal ya makara."