Mai Niƙabi a Shagon Yazid

"Yazid! Buɗe ƙofar nan!"

Hidaya ta sake dukan ƙofar shagon har tafin hannunta ya yi zafi. Rana tsaka ce, masu wucewa a bakin kasuwar Gumel sun fara tsayawa kallo.

"Na san kana ciki, kuma na san ba kai kaɗai ba ne!"

Daga Gagarawa ta taho, ko karyawa ba ta yi ba. Safiya ce ta kira ta, mai shagon ɗinki da ke fuskantar nasa, wadda kowa ya san ta so Yazid tun kafin a kai gaisuwarsa gidan su Hidaya.

"Ƙawata, ban so faɗa ba..." in ji Safiya a waya. "Duk Laraba wata mai niƙabi ke shiga wurinsa, ya kulle ƙofa. Sai la'asar take fitowa."

Da Hidaya ta nutsu, da ta tambayi kanta me ya sa mai ɗinki ta fi kula da ƙofar wani fiye da kekenta. Ba ta tambaya ba. Ta kuma manta cewa waliyyinta, Baffa Ilu, dalili kawai yake nema. Sana'ar Yazid ita ce sa wa finafinan waje muryar Hausa, Baffa kuwa ya rantse ranar da ya ji abin kunya a kan ɗan fim ɗin nan, ranar zai mayar da lefe.

Ƙofar ta buɗe. Yazid ya tsaya a bakinta, fuskarsa duk gumi.

"Abar ƙaunata... lafiya?"

"Kar ka sake kira na haka! Wa ke ciki?"

"Na yi alkawarin ba zan faɗa ba."

"Alkawari! Da ita?"

Ta ture shi ta shiga. An manne bangon ɗakin kaf da kiret ɗin ƙwai don kada hayaniyar kasuwa ta shiga aiki. A kwamfuta ga wani tsohon fim mai fari da baƙi a tsaye: Turawan Ingila bayan yaƙin duniya, miji da mata da suruka sun zagaye ƙwai ɗaya a faranti, kowa na hararar kowa. A gaban makirufo kuwa, ga mai niƙabi zaune a kujerar roba.

"Ke! Ɗaga fuskarki in ga marar kunya!"

"Marar kunyar ce ta yi wa uwarki wankan jego da aka haife ki," in ji matar, ta yaye niƙabin.

Hidaya ta ja da baya.

"Iya...?"

Kakarta ce, Iya Sharifa, mahaifiyar Baffa Ilu. Ita da take cewa duk Laraba asibiti take zuwa saboda gwiwa. Gwiwar da Hidaya ke shafa wa man zafi!

"Ni ce. Ilu ya ce ya yi bincike a kan Yazid, alhali a majalisar masu shayi ya yi shi. Na ce jikata ba za ta shiga gida ko ta rasa miji a kan zancen masu shayi ba. Na zo da kaina na zazzage yaron nan da faɗa. Bai tanka ba. Da na gama sai ya ce, Iya, wallahi muryarki irin ta surukar fim ɗin nan ce."

Ta nuna tsohuwar Baturiya mai hula.

"Waccan mai baki kamar reza, ni ce. Ina yi mata murya, ina kallon halinsa. Na ga sallarsa, na ga yadda yake yanke duk wurin da bai dace yara su gani ba. Na hana shi faɗa wa kowa don kada Ilu ya ji uwarsa na fim. Kin tara masa jama'a, bai tona ni ba."

Ta miƙe, ba ko ɗingishi.

"Shi ya ci jarrabawa. Ke kika faɗi. Ilu kuma ki bar ni da shi, ni na haife shi."

Ta leƙa waje ta ɗaga murya: "Safiya! Kin gan ni da kyau? Koma kan kekenki!"

Yazid bai yi dariya ba.

"Ko kira na ba ki yi ba, Hidaya. Kin yarda da ita kafin ki tambaye ni."

Gaskiya ya faɗa. Zargi zunubi ne, kuka ba ya mayar da shi lada. Hidaya ta yi kukan duk da haka.

Yazid ya tura fim ɗin gaba, wurin da 'yar gidan ke tsaye gaban saurayinta kai a sunkuye.

"Wannan ma ta zargi nata. Haƙuri take ba shi, ban samu mai yi mata murya ba."

Hidaya ta zauna a kujerar Iya, ta matso da makirufo.

"Na zalunce ka, masoyina... Ka yafe mini. Ba zan sake jin maganarka a bakin wani ba."

"Sake yi, ban ga ka danna ɗaukar murya ba," in ji Iya.

"Da gangan ne, Iya," ya ce, yana miƙa wa Hidaya hankicinsa. "Wannan ba ta 'yan kallo ba ce."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura. Baffa Ilu da bakinsa ya ba da aure. Har yau in aka kunna fim ɗin a majalisa yakan ce muryar tsohuwar nan na tayar masa da hankali, amma ya rasa inda ya san ta.