Rikodar Baƙuwar Sakkwato

Ranar Lahadi da hantsi aka kawo ƙarar. Sufeto Jalaluddeen yana zaune a bencin ƙofar caji ofis na Yelwan Yauri, yana kurɓar kunu yana sauraron makaɗa suna gwada kalangu can bakin ruwa, sai ga wata mata ta sauka daga kabu-kabu rungume da kwali.

Ta yi sallama, ta ɗora kwalin a kan kantar ofis, ta buɗe. Jan bulo ne a ciki.

"Yallaɓai, jiya rikoda ce," in ji ta.

Kofur Emmanuel, wanda bai daɗe da dawowa daga coci ba, ya jawo takarda ya fara ɗaukar bayani. Sunanta Zuliha, ma'aikaciyar jinya ce a Sakkwato. Ranar Juma'a ta shigo mota ita kaɗai, ta zo bikin makaɗan bakin ruwa da masunta suka shirya. Ta ce tun da ta yi wayo ba ta taɓa tafiya ba tare da miji ko yaro ko majinyaci ba, sai wannan karon, kuma in ban da bulon nan da ba ta da abin kuka da Yauri.

Sufeto ya tambaye ta abin da ya sa ta sayi rikoda takanas. Ta ce saboda Inna. An haifi mahaifiyarta, Tamada, a wani gungu, wato tsibiri, da ruwa ya shanye lokacin da aka datse kogi a Kainji. Yanzu ƙafa ta kwantar da ita, ba ta iya doguwar tafiya. Da ta ji cewa tsohuwa Dudu, ƙawarta ta ƙuruciya, za ta yi waƙoƙin Gungawa, mutanen tsibiran, a wurin bikin, sai ta kwana tana zancen. Shi ne Zuliha ta yi mata alkawarin za ta kawo mata muryar Dudu har bakin gado.

"Yaushe Dudu za ta yi?"

"Yau bayan la'asar. Gobe da safe kuma in kama hanya, ina da aiki."

Sufeto ya shanye kununsa, ya ɗauki hularsa.

Inda ta sauka wani ɗan masauki ne a bayan tasha, ɗakuna a jere suna kallon tsakar gida. Ba a taɓa kwaɗon ɗakinta ba, taga kuma tana da ƙarfe. Zuliha ta ce jiya ta wuni tana ɗaukar kiɗan kalangu da na kotso. Gab da magariba ta dawo, ta mayar da rikodar cikin kwali, ta tura ƙarƙashin gado, ta fita cin gasasshen kifi. Da ta dawo ta taɓa kwalin da ƙafa, ta ji nauyinsa, ta kwanta hankali kwance.

Sufeto ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin gadon, sannan ya ce ta duba jakarta a gabansa. 'Yan kunnenta na zinari suna nan. Agogonta yana nan. Sababbin kaset-kaset da ba a ɓare ledarsu ba suna nan. Abin da ya ɓace shi ne rikoda, da makirfo da ta sa a aljihun jakar daban, da kaset ɗin da ta ɗauka jiya.

"Ɓarawon ga bai son zinari," in ji Kofur.

"Bai kuma son sabon kaset," in ji Sufeto. "Wanda ya tsallake sabo ya ɗauki wanda aka cika, yana da sabo a gida."

A tsakar gida akwai duron ruwa da aka ɗora a kan jan bulo. Duron ya ɗan karkace, gefe ɗaya babu abin tokari. Sufeto ya sa Kofur ya ɗauko bulon cikin kwali. Ya shige gurbin daram, har gansakukar da ke jikinsa ta haɗu da ta 'yan'uwansa. Ke nan wanda ya yi aikin bai shigo a gurguje ba. Ya samu sarari ya zagaya gidan, ya zaɓi bulo, ya koma ɗakin.

Mai kula da masaukin, Malam Mamuda, mutum ne mai ƙiba da yawan rantsuwa. Ya ce makulli biyu ne ga kowane ɗaki, ɗaya wurin baƙo, ɗaya a ƙugunsa. Ya ce jiya tun la'asar har ya rufe ƙofa bai ɗaga daga kujerarsa ba, ko sallah a nan zaure ya yi.

Sufeto bai musa ba. Ya zauna kusa da shi, ya miƙe ƙafa, ya shiga hirar biki. Ya ce shi dai bai ga abin da ake zuzutawa ga mai garayar da ya zo daga Shanga ba, an ce jiya bayan magariba ya ba da kunya, har mutane suka fara watsewa.

Mamuda ya gyara zama. "Wa ya faɗa maka haka, Yallaɓai? Wallahi ƙarya ce. Tsirkiya ta tsinke mai ana tsakar kiɗa, ya ci gaba da guda ɗaya, bai ko ɗaga kai ba. Har wani Basarke masunci ya cire rigarsa ya jefa mai, ta faɗo gabana."

"Gabanka a nan zaure?"

Mamuda ya dubi Kofur, Kofur ya dubi rufin kwano.

Daga nan magana ta fito. Ya ce shi mutum ne mai son garaya, kuma mai masaukin ya hana shi barin ƙofa. Yana zaune yana jin kiɗa daga nesa ransa na ƙuna, sai ga Basiru mai shagon kaset, abokin hirarsa, ya zo ya ce ya tafi ya ɗan kalla, shi zai tsare masa ƙofa. Ya bar masa makullan ko wani baƙo zai buƙata. Ya roƙi kada maganar ta kai kunnen mai gida.

Sufeto ya tambaye shi ko bai yi mamaki ba, mai sayar da kaset ya bar filin kiɗa ya zo gadin zaure. Mamuda ya ce wallahi garaya ta hana shi tunani.

A hanyar kasuwa Sufeto ya tura Kofur wurin Philip mai gyaran rediyo, ya ce ya tambayo ko akwai abin da Basiru ya kai gyara kwanan nan. Shi kuma ya taka a hankali tare da Zuliha. Suka ratsa 'yan kifi, inda mata ke jera bandar tarwaɗa a kan tabarmi. Zuliha ta tsaya ta taya wata, ta ce ko rikoda ba ta samu ba, ba za ta koma wa Inna hannu rabbana ba.

Tun kafin su kai shagon suka ji kalangu na tashi daga lasifika. Mutanen ƙauye, na Wara da na Shanga, sun yi cincirindo suna sayen kiɗan jiya kafin su koma gida. Sufeto ya ce wa Zuliha ta tsaya a rumfar mai goro, kada ta matso sai ya kira ta.

Basiru saurayi ne siriri, fes da shi, da tabarau a goshi. Ya tarbi Sufeto da fara'a, ya kawo kujera. Ya amsa cewa ya tsare wa Mamuda ƙofa, taimako ne kawai, bai kuwa wuce zaure ba.

"Wanga kiɗan da ke tashi, na jiya ne?"

"Awo, Yallaɓai. Ni na ɗauka da hannuna. Na kwana ina kwafa."

"Ya fita tas. Bar shi ya yi ta yi, ina jin daɗinsa."

Sufeto ya zauna ya lumshe ido, yana kaɗa ƙafa. Da gaske yake jin daɗin, don tun yana yaro yake bin makaɗa. Basiru ya ci gaba da sallamar masu saye, amma yana satar kallonsa.

Kalangu ya kai ƙarshe, aka yi tafi. Kafin kotso ya karɓa, sai muryar mace ta fito a hankali, kusa da makirfo ƙwarai.

"Inna, kin ji su? Ga ruwa nan gabana, ga jirage. Da kina nan da kin tashi kin taka."

Hannun Basiru ya kai ga maɓalli. Sufeto ya ce ya bari.

"Wace ce wagga?"

"Wata ce ta tsaya kusa da ni a fili. Ka san mata da surutu."

"Ta tsaya kusa da kai, ta sa baki cikin makirfonka, ta yi wa innarta magana?"

Basiru ya ce cunkoso ne, kowa bakinsa a kan na kowa. Sufeto ya ɗaga hannu ya yafito Zuliha. Ta iso ta gaida Basiru, ta ce, "Sannu da kasuwa, ɗan'uwa." Ba ta ƙara ba, amma wani dattijo da ke riƙe da kaset ya juyo ya dube ta, ya dubi lasifikar, ya ce ai muryar ke nan.

Daidai nan Kofur Emmanuel ya iso. Ya ce Philip ya nuna masa ƙaramar rikodar Basiru a warwatse kan tebur. Tun ranar Juma'a ta ƙone, kuma sai an aiko da kayan gyara daga Kontagora.

"To da mi ka ɗauki kiɗan jiya?" in ji Sufeto.

Basiru ya sauke tabarau daga goshinsa, ya riƙe a hannu yana jujjuyawa. Kofur ya shiga bayan kantar shagon, ya ɗaga wani buhun shinkafa da bai da dalilin zama a shagon kaset. Ga rikoda nan a naɗe cikin sallaya, da makirfonta, an sa mata sabon batir.

Basiru bai ƙara gardama ba. Ya ce duk shekara bikin nan ne kasuwarsa, kuma ranar da rikodarsa ta mutu ya rasa wanda zai ara masa. Jiya ya ga baƙuwa a sahun gaba da sabuwa dal, ya bi ta a hankali har ya ga inda ta sauka. Ya san Mamuda da garaya. Niyyarsa ya kwafi kaset ɗin ya mayar kafin gari ya waye, shi ya sa ya sa bulo. Da ya ji yadda sautin ya fita, sai zuciya ta ce masa ya riƙe har ya ɗauki Dudu, don tsohuwa ce, ba lalle a sake jin ta a fili ba. Ya goge maganar matar a farkon kaset, bai san ta sake magana a tsakiya ba.

Ya juya wajen Zuliha ya ce ta yafe masa. Ta ce da ya yi sallama ya tambaya, da ta ba shi ya kwafa, tun da ita mutum ɗaya take ɗaukar wa.

Kofur ya rufe shagon, ya kama Basiru a hannu. Suka bi ta cikin 'yan kifi zuwa caji ofis, kansa a ƙasa.

Saura matsala ɗaya. Rikodar ta zama kayan shaida, ba ta fita hannun hukuma sai an je kotu. Kofur ya dawo ya tuna wa Sufeto haka, Zuliha ta ji, ta ce ba komai, amma fuskarta ta nuna da komai.

Sufeto ya ɗan yi tunani. Ya ce in alƙali ya tambaye shi ko abin da aka sace yana aiki, ba ya so ya yi shaidar abin da bai gani ba. Wajibi ne a gwada, kuma a hannun ɗan sanda. Ya tambayi Zuliha ko za ta taimaka wa hukuma da sabon kaset ɗaya, wanda za a mayar mata in an gama.

Bayan la'asar fili ya cika har bakin ruwa, wasu na kallo daga cikin jirage. Aka shimfiɗa wa Dudu tabarma, 'yan amshinta suka kife ƙwarya a gabansu. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, amma da ta buɗe baki filin ya yi tsit. Sufeto Jalaluddeen yana durƙushe a gabanta cikin kakinsa, rikoda a cinya, makirfo a miƙe. Hannunsa ya gaji, ya canza, ya sake canzawa. Zuliha tana bayansa, ba ta jin yaren sosai, amma akwai waƙar da ta gane, wadda Inna ke yi in tana tsefe mata kai, ta bi amshin a hankali.

Da aka tashi, ta matsa ta durƙusa ta gaida tsohuwar, ta ce ita ɗiyar Tamada ce. Dudu ta kama fuskarta da hannu biyu ta daɗe tana kallo, ta tambayi lafiyar ƙawarta, ta tambayi ko har yanzu tana da wushiryarta. Sannan ta nuna rikodar ta ce ko wannan abin zai kai magana Sakkwato. Sufeto ya danna, ya miƙa mata makirfo.

"Tamada, ni ce. Ina gaishe ki, ina gaida ƙafa. Ranar da aka kwashe mu daga gungu kin ari zanena mai baƙin baki, kin ce gobe. To ga ɗan sanda nan gabana, na kawo ƙara."

Mata suka fashe da dariya, Zuliha na dariya tana share ido. Dudu ta juyo ta dubi Sufeto, tana jiran ta ji hukunci.

Ya kashe rikodar, ya cire kaset ɗin ya miƙa wa Zuliha.

"Inna, wagga ƙara ta fi ƙarfin ofishina," in ji shi. "Inda aka yi laifin yana ƙarƙashin ruwa."