Kwanon da Aka Kifa

"Gimbiya, zo mu ci mana! Kullum sai na roƙe ki?"

"Na ci a kicin, Yallaɓai. Ka san mai girki da ɗanɗane-ɗanɗane, kafin ta sauke tukunya ta ƙoshi."

Auta ya yi dariya, ya jawo farantin gabansa ya ci gaba da kai loma. Da a ce ya ɗaga kai ya dubi wuyan matar tasa da kyau, da ya ga ƙasusuwan da suka fara leƙowa. Amma ina! Namiji in ya dawo aiki da yunwa, idonsa ba ya wuce bakin faranti.

Aurensu auren soyayya ne, irin wanda 'yan unguwa suka daɗe suna kwatance da shi. Shi ɗan autan gidansu ne, har laƙabin ya danne sunan yanka. Ita kuwa shi ya raɗa mata Gimbiya tun suna zance a ƙofar gida. A kamfanin sabulu yake aiki, yini guda yana tsaye a kan injin naɗe kwali. Mako-mako ake biyansu, mako-mako kuma yake tura kuɗin cefane ƙarƙashin filas ɗin shayi. Abin da ya ajiye a makon farko na aure shi yake ajiyewa har yau. Kasuwa ta daɗe da tashi ta bar wannan kuɗi a baya, sai dai Auta bai sani ba, don rabonsa da tayin albasa tun yana saurayi.

Yana da wata ɗabi'a guda. Kowace safiya kafin ya fita sai ya leƙa kicin ya ɗaga murfin bokitin shinkafa. Tun yana ƙarami, bayan rasuwar mahaifinsa, ya san ɗacin safiyar da ake buɗe mazubi a tarar da shi wayam. In ya ga shinkafa ta kusa baki sai ya ce, "Alhamdu lillahi," ya fita da ƙarfinsa. Ranar da kamfani ya rage musu awannin aiki, a gaban inji ya yanke jiki ya faɗi. Likita ya ce hawan jini ne, ya kuma ja kunnen matarsa cewa kada a kai masa abin da zai tayar masa da hankali. Gimbiya ta riƙe wannan magana da hannu biyu, har ta fi likitan riƙe ta.

Ana cikin haka Inna, mahaifiyarsa, ta zo jinyar gwiwa ta zauna da su. Inna ba muguwa ba ce, sai dai ido gare ta, kuma duk abin da idonta ya gani sai zuciyarta ta ƙara masa gishiri. Ta ga miya ba maiƙo. Ta ga yayar Gimbiya tana shigowa hannu rabbana, ta fita da baƙar leda mai nauyi a ƙarƙashin gyale. Ta haɗiye, ta haɗiye, har ranar da ta shiga kicin da kanta za ta ɗebi shinkafa.

"Auta! Auta! Zo ka gane wa idonka!"

Ya fito da gudu, takalmi ƙafa ɗaya. Inna ta nutsa hannu cikin bokitin ta ciro wani babban kwanon silba da aka kifa a gindinsa. Shinkafar da ke kansa ta zube ƙasa shaa, da ƙyar ta rufe gindin bokitin.

"Ka gani? Cikar da kake yi wa godiya kullum safiya, kwano ne! Kai kana can inji yana cin ƙarfinka, ita tana nan tana auna wa 'yan gidansu a leda. Da idona na gani, ba labari aka ba ni ba!"

Auta ya ji kicin ɗin yana juya masa. Ya waiga. Gimbiya tana durƙushe a bakin ƙofa, kanta a ƙasa.

"Gimbiya, ki ce min ƙarya ne. Ki ce ba ke kika sa shi ba, wallahi zan yarda."

"Ni na kifa shi."

"Don me? Me na rage ki da shi?"

Ta ɗago, ta buɗe baki za ta yi magana. Sai idonta ya sauka a kan hannunsa da ya dafe ƙirji, da jijiyar da ta tashi raɗau a gefen goshinsa. Ta mayar da maganar ciki.

"Filis, Yallaɓai, ka sha maganinka tukuna."

"Kin ji ko, Inna? Ina tambayarta amanata, tana yi min maganar ƙwaya!" Ya juya ga Gimbiya. "Ki je gida. Ki je kawai, sai na neme ki."

"Wane nema?" in ji Inna. "Takarda za ka ba ta, in dai ni na haife ka. Na ba ka zuwa ƙarshen wata."

Gimbiya ba ta ɗauki komai ba sai gyalenta. Har ta kai ƙofa ta dawo, ta ɗauko kwalbar maganinsa ta ajiye kusa da filas inda ba zai manta ba, sannan ta fita hawaye yana ɗiga daga haɓarta. Auta ya juya wa ƙofar baya, don in ya ƙara kallonta sau ɗaya ya san zai kira ta.

Gidan ya yi masa faɗi. Yana sonta, wannan ko Inna ba ta musa ba, kuma son ne ya sa abin yake cinsa kamar garwashi a tafin hannu. Ya ɗauki biro ya fi a ƙirga, sai ya ajiye.

Inna kuwa ta ɗaura ɗamara. "Kawo kuɗin nan ka ga yadda ake riƙe gida. Ni da na raine ku ba uba, cefanen mutum biyu ne zai gagare ni?" Ta ɗingisa ta tafi kasuwa da babban kwando tana cika baki. Da ta dawo, kayan ko rabin kwandon ba su kai ba, bakin nan kuma ya mutu. Ta ce gwiwa ce ta dame ta.

Kafin mako ya raba, Auta ya ɗaga murfin bokiti da safe ya hango gindinsa. Sai da ya dafa bango. Ya fita, Inna tana kallonsa ta taga yana tafiya kamar wanda aka ɗora wa buhu. Da yamma ta kawo masa abinci faranti cike.

"Inna, ke fa?"

"Ci abinka. Na ci a kicin."

Cokalin ya tsaya masa a hanya. Wani abu ya soke shi a zuciya, amma ya kawar, ya ce gajiya ce.

Washegari ya riga lokacinsa tashi. Ya nufi kicin ba takalmi, shi ya sa ba a ji tafiyarsa ba. A bakin ƙofa ya ƙame. Inna ce durƙushe a kan gwiwar nan mai ciwo, ta juye 'yar shinkafar a tire, ta kifa kwanon silbar nan a gindin bokiti, tana zuba shinkafa a kansa tana baje ta da tafin hannu don ta rufe ko'ina.

"Inna...?"

Ta zabura, tiren ya faɗi. Suka kalli juna. Sai tsohuwa ta zauna daɓas a ƙasa, ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka irin wanda bai taɓa ji daga bakinta ba tun ranar da aka fita da mahaifinsa.

"Na shiga uku, na zalunci 'yar mutane! Auta, jiya na ga fuskarka da ka buɗe bokitin nan, na ga ka dafa bango, na ce yaron nan zai sake faɗuwa. Wallahi ban aiki hannuna ba, shi ya je ya ɗauko kwanon. Sai da na kifa shi na gane abin da take yi! Kuɗin nan naka ko rabin mako ba ya kaiwa. Ni kwana nawa na yi har na gaza? Ita fa tun yaushe take ɗauke da shi ita kaɗai?"

"Na ci a kicin" kawai Auta yake ji tana maimaita kanta a kunnensa, da muryar Gimbiya, dare bayan dare, shi kuwa yana dariya yana suɗe faranti. Ya buɗe kabad ɗin da take jera kayan aurenta. Farantan tangaran ɗin nan masu fure, da kofunan gilas, da manyan kulolin da ƙawayenta suka haɗa mata, babu ko ɗaya, sai zanen ƙura zagaye-zagaye a inda suka zauna. Ya jingina goshinsa da katakon ya yi kuka kamar yaro.

Ranar bai je aiki ba. Shi da Inna suka kama hanyar gidan surukansa. Yayar Gimbiya ce ta tare su a tsakar gida, hannu a ƙugu.

"Takardar kuka kawo? Miƙo! Ledar da aka ce ina sata da ita, kayan ɗakinta ne nake kai mata kasuwa ɗaya bayan ɗaya, don a saya muku man girki da sabulu. Na ce ta faɗa maka, ta ce likita ya hana. To ga ta can kwance, jiya aka cire mata ƙarin ruwa. Ciki gare ta, Malam, kuma an ce jininta ya yi ƙasa saboda rashin ci. Saura ƙiris mu rasa su duka biyun!"

"Ciki?" in ji Auta, ya faɗa ɗakin da sauri.

Tana kwance a kan katifa, ta rame ta yi fayau, idanun nan sun faɗa. Da ta gan shi ta yunƙura za ta tashi, kuma abin da ya fara fita daga bakinta shi ne, "Ka sha maganinka?"

Inna ce ta riga shi. Ta zube a gaban katifar, ta kama ƙafafun surukarta. "'Yata, ki yafe min. Na kira ki ɓarauniya, alhali kanki kike sata kina ciyar da mu."

"Haba Inna, tashi don Allah, gwiwarki! Uwa ba ta durƙusa wa 'ya. Na yafe duniya da lahira."

Auta ya durƙusa gefe, ya riƙe hannunta, ya ji shi ba nauyi. "Ni ne babban mai laifi, Gimbiya. Ina tura kuɗi ƙarƙashin filas in ɗauka na gama aure. Ban taɓa tambayar ki ko sun isa ba."

"Ni ma ina da nawa," ta ce tana share masa hawaye da bakin gyalenta. "Tsoron kada in rasa ka ne ya sa na rufe ka, sai ga shi rufewar ce ta kusa raba mu. Sori, Yallaɓai."

Mahaifinta, da ke tsaye a bakin ƙofa yana jin komai, ya ce ba za ta koma ba sai ta murmure. Auta bai yi musu ba. Kullum in ya tashi aiki sai ya biya da 'yar ledar ƙwai ko lemo, kamar sabon saurayi, har ranar da aka ba shi matarsa.

Tun daga nan tare suke zuwa kasuwa ranar da aka biya shi. Karon farko da ya ji kuɗin kwalbar mai sai da ya ce wa mai shago ya maimaita, Gimbiya tana dariya a bayansa. Ya sami aikin gyaran injin niƙa a ranakun hutu, Inna kuma ta fara saƙa huluna tana kawo nata tallafin. Ba su yi arziki ba, wani makon ma bokitin yakan yi ƙasa sosai. Sai dai yanzu su uku suke leƙa shi, kuma jinin Auta bai ƙara hawa ba, don ashe gaskiyar da aka raba ba ta kai nauyin da Gimbiya ta zata ba. Da damina ta haifi 'yarta lafiya, Inna ta hana kowa goyo.

Haƙurin Gimbiya bai faɗi ƙasa banza ba, Allah Ya wanke ta da hannun da ya zarge ta. Amma darasin na kowa ne. Maigida, ajiye kuɗin cefane ba shi ne ciyarwa ba, ka tambaya ko sun isa, ka kuma dubi wadda ta dafa. Uwar miji, kada ki yanke hukunci a kan tukunyar da ba ki ɗora ba. Ke kuma mai rufa asiri, ki rufa wa waje, kada ki rufe wa abokin zamanki.

Kwanon silbar nan yana nan a gidan, amma an daina kifa shi. A cikinsa suke cin abinci tare, kuma duk yunwar da Auta ya kwaso, ba ya sa hannu sai ya ga Gimbiya ta kai loma bakinta.