Rigunan Mai Garin Gishiri

A can wani zamani, an yi wata tsohuwa mai dafa gishiri a garin da Allah ya hore wa tafkin gishiri. Kullum raƙuma su zo wayam, su tafi niƙi-niƙi da kaya. Kullum fatake su ba mai gari sabuwar riga, ya ɗora a kan ta jiya. Talakawa kuwa, ko miyarsu lami ce.

Ran nan tsohuwa ta tare mai gari. "Ranka ya daɗe, jikokina da yunwa suka kwana. A karɓo mana hatsi wurin fatake mana!"

Ya ce, "Gobe."

Gobe ta yi, sai ga wata riga. Takaici ya cika ta.

Wata rana mai gari ya zo bakin tafki, santsi ya kwashe shi, ya faɗa ciki. Rigunan suka sha ruwa, suka yi ƙasa da shi. Aka jefa masa igiya, kowa ya kama, tsohuwa a gaba.

Mai gari ya ce, "Ku ja mana, matsiyata!"

Suka ja, suka ja, ko gezau.

Tsohuwa ta dube shi, tana haki. "Muna ja, ranka ya daɗe. Iya ƙarfin da ka bar mana ke nan."