Ɗaurin da Aka Tsallake

"Kowa ya sunkuyar da kai! Wanda ya ɗago, uwarsa ta haifi wani!"

Gatari ne, shugaban gungun 'yan fashi, bakin bindigarsa a kunnen direba. Ƙaramar bas ɗin ta ci burki a bayan tsohon kamfanin ƙanƙara, rana tsaka, ba kowa a layin sai wani kare. Tsinke ya fizge ƙofa — ƙarau! Bahago ya faɗa ciki da buhu, fuskarsa a rufe da hula mai huda biyu.

Tsofaffi ne cike da motar. Tsohon masinja, mai gadi, gwaggo mai sayar da zare, duk irin mutanen da ɗan sanda ba ya kallo sau biyu. Kowannensu da ɗaurin kuɗi a jikinsa, kuma ko sisi a ciki ba nasu ba ne.

Ga yadda aka yi. Gwamnati ta kafa doka: ba mai biyan tsabar kuɗi sama da wani adadi, sai dai ta banki, inda za a tambaye ka ina ka samo. Wani mai katako, attajirin unguwar, yana son sayen babbar mota, ya kuwa rantse ƙafarsa ba za ta taka banki ba.

"Lokacin da nake ɗaukar katako a ka, gwamnati ta kama min?" in ji shi. "Gumina ne. Yau kuma ita za ta gaya min nawa zan kashe?"

Sai ya yi dabara. Ya raba kuɗin ɗauri-ɗauri, kowanne ƙasa da iyakar doka, ya tara tsofaffin unguwa. Kowa zai je ya biya nasa kamar shi ne mai saye, a ba shi ɗan na sabulu. Bas ɗin nan ce za ta kai su wurin biya.

A bakin ubansa Bahago ya ji wannan labari. Tsohon tela ne, ido ya gaji, ɗinki ya tsaya. Yana cin abinci yana murna, wai ashe har yanzu akwai mai ba shi amana. Bahago ya wanke hannu, ya kai wa Gatari zancen da zafinsa. Sharaɗi ɗaya ya kafa wa kansa: Baba ba zai shiga motar nan ba. Da safe ya ɗauke tabaran tsohon daga kan keken ɗinki ya zura a aljihu. Ai Baba ko ƙofar gida ba ya fita babu tabarau. Shi a ganinsa ya gama wayo.

"Maza, Bahago! Ba ziyara muka zo ba!"

Ya bi kujeru. Masinja ya miƙa nasa yana salati. Gwaggo ta kwance nata daga ƙugu tana kuka ƙasa-ƙasa. Buhu yana nauyi. Ya isa kujerar ƙarshe, sai ya tsaya cak.

Baba ne zaune a lungu, cikin rigarsa ta zuwa unguwa, yana ƙanƙance ido. Ya lalubo ɗaurin daga ƙirjinsa, ya miƙo da hannu biyu.

Bahago ya sa hannun hagu ya mayar masa da shi ƙirji. A babban yatsan hannun akwai tabon allurar keke, tun yana yaro a shagon ubansa. Tsohon ba ya ganin nesa, amma abin da ke gaban hancinsa yana gani. Ya dubi yatsan. Ya mayar da kansa ƙasa.

Gwaggo mai zare kuwa ta saci kallo, ta ga komai.

"Jiniya!" Tsinke ya yi ihu. "Ga su nan!"

Suka dira. Babura biyu suna jira a bayan katanga. Gatari ya saki harbi sama — tau! tau! Motar 'yan sanda ta shawo kwana, ta tarar da amalanke a gicciye, aikin Tsinke. Kafin su janye ta, an sha lungu uku, an ɓace.

A wani garejin da aka daina aiki suka zazzage buhun. Gatari ya jera ɗaurin a kan murfin mota, ya dube su, ya dubi Bahago.

"Saura ɗaya, mutumina."

"Ba lokaci. Jiniya ta..."

"Kai, bar wannan." Gatari ya yi dariya har da riƙe ciki. "Tun safe na ga tsohonka yana lalube yana shiga motar. Na ce bari in ga yadda ɗan halak zai yi."

"Ka gani, ka yi shiru?"

"In faɗa maka ka ɓata mana harka? Ai yanzu ka yi mana gata. An yi wa mota guda fashi, an bar mutum ɗaya da kuɗinsa. Wa kake jin za su kama? Sun samu ɓarawonsu, mu sai mu sha iska."

Tsinke ya tuntsire. Gatari ya tattare ɗaurin duka ya mayar buhu.

"Rabona fa?" Bahago ya ji bakinsa ya faɗa, kunyar tambayar ta kama shi tun kafin ya rufe baki.

"Rabonka yana ƙirjin ubanka. Je ka karɓa." Ya ɗan ɗaga bindigar. "Ko akwai magana?"

Bahago ya fita da ƙafa, tabarau yana sukar cinyarsa ta cikin aljihu.

Yadda Gatari ya faɗa, haka aka yi. A ofishin 'yan sanda mai katako ya fara da ƙarya, wai 'yan kuɗin cefane ne aka ƙwace. Sufeto ya jingina da kujera.

"Cefane ne ka cika mota da tsofaffi? Ka karya dokar tsabar kuɗi, Malam. Kai ma ba inda za ka."

"A yi min fashi, kuma a tsare ni? Kuɗina ne fa!"

"Da suna banki, da suna nan."

"Da suna banki, da kun san ko nawa ne, ku da masu haraji." Ya juya a fusace, ya nuna tela. "Ga wanda za ku tambaya. Na ɗauke shi don tausayi, ashe kura na ba ajiyar nama."

Gwaggo ta dafa ƙirji ta ba da shaida: da idonta ta ga ɓarawon ya mayar masa da ɗaurin. Sufeto ya tambayi tsohon ko ya san mai hular. Ya tambaya da lalama, ya tambaya da tsawa. Tsohon ya ajiye ɗaurin a kan tebur, igiyarsa ko motsi ba ta yi ba, ya ce shi dai ga amanar da aka ba shi. Ban da wannan ba su samu kalma ɗaya a bakinsa ba.

Kafin la'asar unguwa ta cika ƙofar ofishin. Bahago ya tsaya a bayan taron. Ta taga ya hango ubansa zaune a kan siminti, an cire masa hula da takalmi, leɓensa a kumbure. Mutumin da ya yi wa rabin taron nan ɗinki, har da na bashi, shi ake nunawa da baki.

"Tsufa bai hana shi ba," wata ta ce.

"Ai mugun iri tun daga tushe yake," wani ya amsa.

Bahago ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya taɓa tare mutane a hanya, ya taɓa marin sa'an ubansa, bai taɓa jin kansa ƙazami ba sai yau. Ya ratsa taron, ya isa kanta, ya ɗora hular mai huda biyu a gaban ɗan sanda.

"Ni ne. Ku saki tsohon, bai san komai ba. Zan kai ku inda sauran suke."

Gatari da Tsinke ba su bar garejin ba, suna jiran duhu. Motocin 'yan sanda biyu suka toshe layin.

"Ku fito hannu sama!"

Tsinke ya haura katanga — tau! Ya faɗo ta ciki, bai ƙara motsi ba. Gatari ya yi harbi har harsashinsa ya ƙare, aka jawo shi da ƙafa a karye yana tsine wa Bahago da uwar da ta haife shi.

To, wa ya ci riba? Tsinke ya mutu. Gatari da Bahago sai kurkuku. Kuɗin da aka ƙwato hukuma ta riƙe, wai shaida ne, mai katako bai ga mota ba, ga tara a kansa. Tsofaffin ko na sabulun ba su samu ba.

Da aka zo sakin tela, aka wuce da shi ta gaban kanta, inda ɗansa yake tsaye da ankwa. Bahago ya roƙi ɗan sanda ya zaro tabaran daga aljihunsa. Tsohon ya karɓa, ya shafa, ya gane nasa ne. Ya sa. Ya daɗe yana kallon ɗansa tun daga kai har ƙafa.

"Baba, don kada ka je ne na..."

"Na miƙo maka," tsohon ya ce a hankali. "Da hannu biyu na miƙo maka. Da ka karɓa, da ni ma yanzu jaje ake yi min kamar kowa."

"Ka yafe min, Baba."

Tsohon ya cire tabaran, ya naɗe, ya ajiye a kan kanta.

"Bar shi a nan. Akwai mutane a waje, ba na son ganin fuskarsu."

Ya dafa bango, ya lalubi ƙofa, ya fita cikin taron shi kaɗai.