Jan Babur a Kwanar Dutse

Ranar da Sharifa ta fara ganin Yacouba, tana bisa wata goɗiya ce a siririyar hanya cikin dajin duwatsun yammacin Virginia. Hanyar ta kowa ce, masu tafiyar ƙafa da masu dawaki da masu babura duk ita suke bi. Ta jiyo rurin inji daga sama, goɗiyar ta miƙe kunnuwa. Sai ga mai jan babur ya gangara gefe, ya kashe injin, ya cire hular kwano don dabbar ta gane mutum ne. Ya hango ɗankwalin da ya leƙo ta ƙarƙashin hularta, ya yi sallama, ya ce, "Ina kwana, lahiya lau?"

Jin Hausar Nijar a tsakiyar wannan daji ya ba ta dariya har ta kusa sakin linzami.

Yacouba ɗan Maraɗi ne, direban babbar mota, yana zaune a Annandale. Ita kuwa mai harhaɗa magani ce, tana gidan iyayenta a Germantown, duk Asabar take zuwa ta hau doki a wurin wani dattijo mai gidan dawaki, Desmond. Tun daga ranar suka riƙa haɗuwa a bakin wani rafi, ita a kan goɗiya, shi yana tura baburinsa a gefenta. Ya raɗa mata suna Sheri, ya ce a bakin mutanen ƙasarsu masoyiya ke nan. In yana kan hanya yakan turo mata saƙo: "Sheri, na tsaya shan mai a Ohio, an yi ruwa, na tuna yadda kike ɓata rai in laka ta taɓa takalminki. Allah Ya kai mu Asabar."

Da maganar ta isa gida, mahaifinta Dokta Rilwanu ya ce sam. Likitan ƙashi ne, ya shekara ashirin yana haɗa ƙasusuwan masu babura, ya kuma haramta babur a gidansa. Ya ce ba zai ba direba ɗan ganganci 'yarsa ba, ga Misbahu ɗan amininsa, injiniya mai natsuwa, ya daɗe yana jira.

Mutum ɗaya ne ya tsaya mata, wanta Auwalu. Shi ya koya mata tuƙi, shi yake rufa mata asiri tun suna yara. Ya je ya ga Yacouba, suka shaƙu, ya dawo ya ce mata ta kwantar da hankalinta, zai shawo kan Abba.

Wata Asabar cikin Oktoba, ganyaye sun rufe hanya, tana hawa wata kwana mai dutse a gefe, Desmond yana bayanta da ɗan nisa. Babu gargaɗi, jan babur ya faso kwanar a guje. Goɗiyar ta yi tsaye da ƙafa biyu, Sharifa ta faɗo kan dutse, ta ji ƙashin cinyarta ya ɓalle. Tana kwance ta ga mai baburin ya ja birki. Hular kwano ta rufe fuskarsa, amma ta san baburin, ta san ƙaramar tutar Nijar da ke manne a tankinsa. Ya waiwayo, ya kalle ta sosai, sannan ya murɗa ya tafi.

Desmond ne ya kira motar asibiti.

Bayan tiyata ta tarar da kiran Yacouba fiye da ashirin, da saƙo guda: "Sheri, na ji abin da ya faru. Wallahi jan moton nan nawa ne, amma ba ni ke bisa ba. Ki bar ni in zo in gan ki."

Ta rubuta masa kalma ɗaya: "Waye?"

Amsar ta daɗe kafin ta zo: "Ba daga bakina ya kamata ki ji ba. Ki ba ni lokaci."

Ta toshe lambarsa. Karayar ba ta yi mata ciwo kamar waiwayen nan ba: ya gan ta a ƙasa, ya auna, ya zaɓi tafiya, yanzu kuma yana neman ya ɗora wa wani marar suna. Abba ya so a kai maganar ga 'yan sanda, ta roƙe shi ya bari, ba ta son ta sake jin sunan. Auwalu ya goyi bayanta, ya ce a bar shi da Allah.

Wata biyar tana koyon tafiya. Auwalu ne yake kai ta wurin gashin ƙashi, ya riƙe mata sanduna, ya ɗauke ta a matakala. Takan ce masa da kowane namiji kamarsa yake da mata sun huta, shi kuma ya sunkuyar da kai. Misbahu yana zuwa da furanni da magana mai daɗi. Ba ta son sa, amma ta gaji, ta ce wa Abba ta amince.

Saura mako guda a kawo gaisuwa, Umaima matar Auwalu ta same ta a ɗaki da hantsi, ta rufe ƙofa, ta zauna a ƙasa tana kuka. Ta ce ba za ta iya zuba ido a ɗaura aure a kan ƙarya ba. Yacouba ya daɗe yana koya wa Auwalu babur a ɓoye. Ranar haɗarin Yacouba yana Baltimore da kaya, Auwalu ya ɗauki baburin don ya ba ƙanwarsa mamaki a daji. Da ya ga ita ce a ƙasa, ya kuma hango Desmond tafe, tsoron Abba ya kama shi, ya gudu. Daga baya ya durƙusa wa Yacouba ya ce ya ba shi mako biyu zai faɗa da kansa. Mako biyun ne ya zama wata biyar.

Sharifa ba ta yi kuka ba. Ta tuna hannun da ya riƙe ta a matakala. Da Auwalu ya shigo da yamma, ta tambaye shi a gaban iyayensu ko ya gane ta lokacin da ya waiwayo. Ya ce ya gane ta. Mama ta dafe ƙirji. Abba ya tashi ya shiga ɗaki. Daga ranar Sharifa ta daina kiransa Yaya, ta daina ma kiransa da komai.

Washegari Umaima ta kai ta Annandale. Yacouba ya fito ya same su a wurin ajiye motoci, ya rame, ya tsaya nesa da ita.

Ta ce, "Ka bar ni wata biyar ina yi maka mugun zato. Da ka faɗi kalma ɗaya, da komai ya wuce."

Ya ce, "Na rantse miki ba ni ba ne, ba ki yarda ba. Ni ma na kwana da wannan, Sharifa."

Yau ne farkon da ya kira ta da cikakken sunanta, abin ya soke ta. Ya ce ya yi tunanin in shi ya tona, za a ce baƙo ya shigo ya raba yaya da ƙanwa don ya samu mata, kuma kullum yana sa ran gobe Auwalu zai yi magana. Ya yarda ya yi kuskure da ya bar ta ita kaɗai cikin duhu. Ita ma ta ce ta yanke masa hukunci da saƙo biyu kacal. Sai ya lura tana dogara da ƙafa ɗaya. Ya buɗe mata ƙofar mota ya ce, "Zauna, Sheri, ƙafar nan ba ta gama warkewa ba." A nan ne kukan ya zo mata.

Ita da kanta ta kira Misbahu ta ba shi haƙuri. Ya ji zafi, amma ya janye cikin mutunci. Abba kuwa kwana uku ya yi ba ya cin abincin kirki, a na huɗu ya sa babbar riga ya tuƙa kansa zuwa Annandale. Ya amsa wa Yacouba laifinsa, cewa ya zage shi a gaban mutane bai san shi ba, alhali mai laifin a teburinsa yake cin abinci. Ya nemi gafara, ya ce ya turo magabatansa.

An ɗaura auren bayan Ƙaramar Sallah, dangin ango na Maraɗi suna kallo ta waya suna guɗa. Da za a kai amarya, Abba ya dafa kanta ya ce, "Na ba ki ga wanda ya fi ni haƙuri. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuriya masu faɗin gaskiya ko da tana da ɗaci."

Yacouba ya roƙi alfarma ɗaya, a bar Auwalu ya ja motar amarya. Sharifa ba ta so ba, amma ta yarda. Shi ya tuƙa su tun daga Germantown har Annandale. Da suka isa, Auwalu ya zagayo ya buɗe mata ƙofa, idonsa ya yi ja, ya ce ta yafe masa.

Ta ce, "Na yafe don Allah, Yaya. Mantawa ce ban iya ba tukuna."

Ya gyaɗa kai ya koma gefe. Mata suka kama hannunta suna ta addu'ar zaman lafiya, ta taka a hankali zuwa ƙofar da mijinta yake tsaye yana jiranta, ta shiga da ƙafar dama.